Dogwood: itacen da adonsa ke cikin sara, da ɗan'uwansa da ba ya son wuƙa

Bahaushen da zama ya kai shi Ingila ko Kanada ko arewacin Amurka, ya kama gida mai ɗan fili a baya, sau da yawa yakan tarar da wani itace a jikin katanga. Gajere ne, ba shi da ganga ɗaya, rassa ne cunkus suka taso daga gindi, launinsu toka-toka, sai can a bakin reshe ake ganin ɗan ja. Wanda ya riga shi zama a gidan ne ya dasa, shekaru suka wuce ba wanda ya taɓa shi. Akasari wannan dogwood ne, kuma ba ciwo ke damunsa ba, ba yunwa ba, rashin sara ne kawai. A wani gidan kuma, musamman a gabashin Amurka, akasin haka ake gani: an sami dogwood mai fure, an ji cewa dogwood sara yake so, sai aka bi shi da zarto, aka yi asarar furen shekara, aka kuma buɗe wa tsutsa ƙofa. Duk rikicin kula da wannan itace daga nan yake tasowa. Suna ɗaya ne ya haɗa itatuwa iri-iri, kuma wuƙar da ke gyara wani ita ce ke lalata wani.

Saboda haka aikin farko shi ne sanin wanne ne a gabanka. A takardar da masu sayar da dashe ke rataya wa itacen, za a ga sunan dangin, Cornus, sannan sunan irin. Masu adon rassa guda uku ne suka fi yawa a kasuwa. Cornus alba asalinsa Saberiya da arewacin Sin da Koriya, kuma daga cikinsa aka fitar da Sibirica mai rassa jajaye wur, da Kesselringii wanda jansa ya kusa zama baƙi, da Elegantissima mai ganye da farin baki. Cornus sericea na Arewacin Amurka ne, shi ne ya ba da Flaviramea mai rassa ruwan ɗorawa da ɗan sirkin kore. Cornus sanguinea na Turai ne, kuma Midwinter Fire da ke cikinsa yana farawa rawaya daga ƙasa, ya koma ruwan goro, ya ƙare da ja a sama. Masu adon fure kuwa ƙananan bishiyoyi ne: Cornus florida na gabashin Amurka, wanda jihar Virginia ta ɗauka furenta da bishiyarta, da Cornus kousa na Japan da Koriya da Sin. Akwai kuma Cornus mas mai ƙananan furanni rawaya a watan Fabrairu da Maris, wanda ake cin 'ya'yansa masu tsami a Turkiyya da Iran.

Idan takarda ta ɓata, ganye zai gaya maka ko dogwood ne. A yawancin irinsa ganyayen biyu-biyu suke fitowa suna fuskantar juna, jijiyoyin ganyen kuma ba sa miƙewa zuwa gefe, lanƙwasawa suke yi su nufi tsinin. Ka tsinki ɗaya, ka yaga shi a hankali ta tsakiya, ka ja ɓangarorin biyu kaɗan: za ka ga wasu fararen zaruruwa sirara sun riƙe rabin da ke ƙasa yana lilo. Daga nan sai ka dubi tsayuwarsa. Rassa da yawa daga gindi, akasari na sara ne. Ganga ɗaya ko biyu da rassa a kwance hawa-hawa, mai fure ne, a mayar da zarto ɗaki.

Abu ɗaya ya kamata a faɗa tun yanzu don kada wani ya wahala ɗauko iri zuwa gida. Waɗannan itatuwan ƙasashen sanyi ne. Sai sun zubar da ganye sun kwanta na tsawon makonni cikin sanyi na gaske kafin idanunsu, wato wuraren da toho ke fitowa, su buɗe daidai, kuma sanyin ne ke fito da launin rassan. Hunturun Kano ko Damagaram bai kai ba, zafin Afrilu kuma zai ƙone su. Wannan bayani na masu lambu ne a inda ake dusar ƙanƙara.

To me ya sa sara ke ƙara wa mai adon rassa kyau? Launin yana cikin ɓawon sabon reshe ne. Reshen bana ɓawonsa siriri ne mai sheƙi, kuma idan ganye ya zube, sanyi ya sauka, rana ta bugi reshen kai tsaye, sai jan sinadarin da ke cikin ɓawon ya ƙaru. Shi ya sa reshen da yake kore-kore a watan Yuli zai koma ja a watan Disamba, kuma ɓangaren da ke kallon rana ya fi na inuwa ja. A shekara ta biyu launin yakan fara dusashewa. Daga ta uku zuwa sama itacen yakan lulluɓe reshen da busasshen ɓawo mai kauri, toka-toka, kuma babu takin da zai dawo da jan. Itacen da aka bari ya girma yadda ya ga dama zai kai mita 2 zuwa 3, amma tsofaffin rassa ne za su cika shi, sabon toho kuma gajere ne a can sama.

Duk wanda ya taɓa sharar gona ya san halin sabara: a sare ta har ƙasa kafin damina, kafin a yi girbi ta fito da tsumagu miƙaƙƙu fiye da na da. Dogwood mai adon rassa haka yake. Ƙarfinsa yana ajiye a saiwa da kututture, kuma akwai idanu da ke kwance a gindin suna jira. Muddin rassan sama na nan, su ke danne waɗannan idanu. Da an cire su, sai duk abincin da saiwa ta tara ya tafi ga sabon toho, ya miƙe mita ɗaya ko fiye a cikin shekara guda, dukansa sabon ɓawo.

Lokacin saran yana da muhimmanci. A Birtaniya da ƙasashe masu irin yanayinta, tsakanin ƙarshen Maris da tsakiyar Afrilu ake yi, daidai lokacin da idanu suka kumbura aka fara ganin ɗan koren ganye. A Kanada da arewacin Amurka inda sanyi ke daɗewa, idon itacen za a duba, ba kalanda ba. Wanda ya sare a watan Nuwamba ya zubar da adon da ya yi shekara yana jira, ya kuma bar rauni a buɗe cikin damshi. Wanda ya jinkirta har ganye ya gama fitowa a watan Mayu ya yi wata ɓarnar: itacen ya riga ya kashe ajiyarsa wajen yin ganyen da za a zubar, sabon tohon zai fito siriri, kuma lokacin da ya rage masa na girma ya gajarta.

Hanyoyin saran biyu ne. Ta farko, a datse dukan rassa a bar santimita 5 zuwa 8 daga ƙasa, ana yanka ɗan sama da ido biyun da ke fuskantar juna. A shekara mai zuwa sai a yanka ɗan sama da inda aka yanka bara, ta haka gindin ke zama dunƙulallen kututture mai fitar da rassa da yawa. Wannan ita ce ke ba da launi mafi ƙarfi, kuma ita ake bi a lambunan hunturu na Ingila irin na Anglesey Abbey da na Jami'ar Cambridge, inda ake dasa su da yawa wuri ɗaya. Sai dai tana da farashi. Furen wannan itace a kan reshen bara yake fitowa, don haka wanda ke sarewa duka kowace shekara ba zai ga fure ba, ba zai ga 'ya'yan da tsuntsaye ke ci ba, kuma wurin zai zauna fayau har watan Yuni.

Ta biyu, a cire kashi ɗaya cikin uku kowace shekara, a zaɓi mafi tsufa da kauri, a datse su daga gindi, a bar sauran. Cikin shekara uku an sabunta itacen gaba ɗaya, ba reshen da ya wuce shekara uku. Ga mai itace ɗaya ko biyu a ƙaramin fili, wannan ta fi dacewa, musamman idan itacen yana kare gidan daga idon maƙwabta. Ita ce kuma ta dace da masu adon ganye irin Elegantissima, tunda su ana son su da tsayi a lokacin zafi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne aske saman itacen da almakashin shinge a tsayin ƙugu. Kowane reshe da aka yanke a tsakiya zai fitar da ƙananan rassa biyu daga wurin, a shekara ta gaba su zama huɗu, sai a sami tsofaffin sanduna a ƙasa da tarkacen tsinke a sama. Idan za a yanke, a gangara gindi.

Ba duka ke jure sara daidai ba. Cornus alba da Cornus sericea masu ƙarfi ne, sun jure kowace shekara idan ƙasa na da kyau. Midwinter Fire da 'yan'uwansa ba su kai su ƙarfi ba, kuma sara har ƙasa kowace shekara na iya raunana su har wani gindin ya mutu. Su a bi su da hanya ta biyu, ko a riƙa tsallake shekara. Sabon dashe ko wane iri ne a ƙyale shi shekara 2 zuwa 3 ya kafa saiwa tukuna, domin itacen da ba shi da ajiya ba shi da abin da zai tura toho da shi. Tsohon da aka yi watsi da shi kuwa, idan yana da lafiya, akasari yana dawowa ko an sare shi duka, amma raba aikin shekara biyu ya fi aminci. Rassan da suka fi babban yatsa kauri da ƙaramin zarto ake yanka su, don almakashi murƙushe su yake yi ya bar rauni mai tsagewa.

Sara ba tare da ciyarwa ba cin bashi ne daga saiwa. Bayan an gama, a barbaɗa takin zamani na gama-gari gram 50 zuwa 70 a kowace murabba'in mita kewaye da gindin, a rufe da ruɓaɓɓen taki ko ruɓaɓɓen ganye mai kaurin santimita 5 zuwa 8, amma kada ya taɓa kututturen. Idan aka yi fari a watan Mayu da Yuni, lokacin da tohon ke miƙewa, a ba da ruwa. Gajerun rassa a hunturu galibi ƙishirwar waɗannan watanni ce.

Batun dashe ba shi da wuya ga masu adon rassa. Suna son rana sosai, don a inuwa launin ba ya fita, kuma suna son ƙasa mai riƙe damshi. Laka mai nauyi da bakin tafki, inda itatuwa da yawa ke ruɓewa, su nan suke jin daɗi. A ƙasa mai yashi sai an cakuɗa taki da yawa. Daga Nuwamba zuwa Maris ake samun dashe mai tsirarar saiwa, ya fi na tukunya araha nesa ba kusa ba. A jiƙa saiwar cikin bokiti kamar awa ɗaya, a haƙa rami mai faɗi ninki biyu na saiwar, a dasa daidai zurfin da yake a da, a taka ƙasa a hankali, a ba shi ruwa lita 10. Tazarar mita ɗaya tsakanin gindi da gindi ta isa idan za a riƙa sara. A shekarar farko bokiti ɗaya a mako idan ba ruwan sama ya fi yayyafi kullum, domin yayyafi sama-sama yake tsayar da saiwa. Kuma a yi tunanin inda za a riƙa kallonsa: rana a hunturu ƙasa-ƙasa take tafiya, idan ta haska rassan daga gefe ko akwai koren shinge mai duhu a bayansu, jan ya fi fitowa. Uku ko biyar wuri ɗaya sun fi guda ɗaya tilo.

A kula da Cornus sericea a ƙaramin fili. Yana tura rassa ta ƙarƙashin ƙasa, kuma duk reshen da ya kwanta ya taɓa damshi sai ya yi saiwa. Kowace shekara a zagaye shi da shebur a datse abin da ya wuce iyaka, kuma kada a zubar da yankakkun rassansa a bakin rafi, don kamawa suke yi.

Yanzu ga mai fure, wanda kusan komai nasa daban ne. Abin da ake kira furensa, fari ko ruwan hoda mai kunnuwa huɗu, ganye ne na musamman da ke kewaye da ainihin furannin, ƙanana kore-rawaya a dunƙule a tsakiya. Tun lokacin zafin bara itacen ke ɗaura idanun furen a bakin rassa. A Cornus florida ana ganinsu duk hunturu, ƙulu-ƙulu a tsinin kowane reshe. Duk reshen da aka yanke a hunturu ko farkon Maris, furensa aka yanke. Abin da ake cirewa kawai shi ne busasshe, da karyayye, da wanda ke gugar ɗan'uwansa. Cornus florida yana fure a watan Afrilu kafin ganye, Cornus kousa kuma bayan ganye ya fito, wajen wata ɗaya bayan florida. A Ingila kousa ya fi yin kyau, domin florida yana bukatar zafin rani mai ƙarfi kafin reshensa ya ƙosa ya ɗaura fure, zafin Ingila kuma bai cika kaiwa ba.

A dajin asalinsa florida ƙarƙashin manyan bishiyoyi yake, cikin ƙasa mai ruɓaɓɓen ganye da ɗan tsami, wajen 5.5 zuwa 6.5 a ma'aunin pH. Saiwarsa sama-sama take. Daga wannan ne bukatunsa suka fito: ranar safe da inuwar la'asar, ƙasa mai damshi amma wadda ruwa ba ya kwanciya, da rufin ganye ko ɓawon itace a gindi. A ƙasa mai alli ganyen yakan yi rawaya jijiyoyin su zauna kore, saboda ƙarfen da ke cikin ƙasar ya ɗaure, saiwa ba ta iya sha. Ƙara taki ba ya magance wannan. Mai irin wannan ƙasa gara ya dasa Cornus mas. Dasa florida da zurfi kuma kisan mummuƙe ne: inda ganga ta fara buɗewa ta zama saiwa dole ya kasance a saman ƙasa, ana ganinsa.

Dasa shi tsakiyar ciyawar tsakar gida shi ne ya fi jawo masa masifa. Ciyawa na ƙwace masa ruwa, injin yankan ciyawa kuma na gurje ɓawon gindin. A Amurka akwai wani ɗan malam-buɗe-littafi mai kama da zanzaro da ke neman irin wannan rauni ya sa ƙwai, tsutsar ta shiga ƙarƙashin ɓawo tana ci. Alamarta ita ce gari-gari kamar na zarto a bakin rauni, ɓawo na ɓamɓarewa, rassan sama na bushewa. Idan ta zagaye gangar, itacen ya tafi. Rigakafin ba feshi ba ne: a cire ciyawa a da'ira mai faɗin aƙalla mita ɗaya daga gangar, a rufe wurin, inji ya daina zuwa kusa.

Cutar da ta fi yi wa florida ɓarna wata fumfuna ce mai suna Discula destructiva. An fara ganinta a ƙarshen shekarun 1970 a yankin New York da kuma arewa maso yammacin Amurka, aka ba ta suna a 1991, kuma ta kashe itatuwa masu ɗimbin yawa a dazuzzukan tsaunukan Appalachia. Tana farawa daga rassan ƙasa: tabo ruwan ƙasa mai bakin shunayya a ganye, ganyen ya bushe amma ya ƙi faɗuwa har hunturu, cutar ta bi ta cikinsa ta shiga reshe. Itacen da ya ji rauni sai ya fitar da ƙananan toho a jikin ganga, su kuma su zama hanyar da cutar ke bi ta isa gangar. Sanyi da damshi da inuwa mai yawa take so. Don haka a dasa inda ranar safe za ta busar da raɓa, a ba da ruwa a gindi ba a kan ganye ba, a share ganyen da ya zube, a cire tohon jikin ganga a ranar da gari ya bushe, a goge almakashi da sifirit tsakanin yanka da yanka. Takin da ya cika sinadarin naitirojin yana ƙara laushin toho, yana taimakon cutar. Kuma kada a tono dashe daga daji. Wanda zai saya sabo yana da mafita mafi sauƙi: kousa yana jure cutar, haka irin florida mai suna Appalachian Spring da Jami'ar Tennessee ta fitar, da haɗe-haɗen florida da kousa irin Stellar Pink da Aurora da Elwin Orton ya samar a Jami'ar Rutgers.

Masu adon rassa ba su da irin wannan tashin hankali. Tabon ganye a ƙarshen lokacin zafi muni ne kawai, ba kisa ba. Baƙin miki a reshe yakan biyo bayan ƙishirwa, a yanke ƙasa da wurin a ƙone. A Amurka wasu tsutsotsi masu farin gari a jiki kan taru su cinye ganye, a tsince su da hannu tun suna dunƙule a bayan ganye. Barewa da zomo na son sabon toho, sai an kewaye dashen da waya. Idan mai farin bakin ganye ya fitar da reshe kore zalla, a cire shi daga tushe nan take, domin ya fi sauran ƙarfi, zai mamaye itacen.

Ƙara yawansu kuwa kyauta ne. Tsakanin Nuwamba da Janairu, bayan ganye ya zube, a zaɓi reshen bana mai kaurin fensir, a yanka shi gunduwa-gunduwa santimita 20 zuwa 25. Ƙasan a yanke a miƙe ƙarƙashin ido, saman a yanke a karkace sama da ido, don ruwa ya zame kuma kada a dasa shi kife. A tsaga ƙasa da shebur a wurin da iska ba ta bugu, a zuba ɗan yashi a ƙasan tsagar, a soka kashi biyu cikin uku a ciki, tazarar santimita 15, a taka. Idan ƙanƙara ta ɗaga ƙasar a sake takawa. Za su yi ganye a watan Afrilu, amma ganye ba shaidar saiwa ba ne, kuma jan su don dubawa yana tsinke 'yar saiwar da ta fara. A bar su nan ana ba su ruwa har Nuwamba mai zuwa, sannan a tone a kai inda za su zauna. Florida da kousa ba sa kamawa ta wannan hanya cikin sauƙi, su gara a sayi dashen da aka riga aka raina.